Ajiyar Da Ba Ta Isa Hannun Sarkin Yauri Ba

Wani dare a hutun da ya wuce ina zaune ina fama da wani littafi nawa da ya ƙi ƙarewa, sai ga 'yata ta shigo da takardar aikin gida ta ɗora mini a cinya. Ta ce, "Baba, malaminmu na Turanci ya ba mu kalma ɗaya a cikin jumla biyu, wai mu faɗi bambancinsu." Na ce mata ni fa karatuna a sakandare ya tsaya, Turancina bai wuce na cike fom da karanta takardar magani ba. Ta ce ai dai kai marubuci ne. To, an sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi, dole na jawo tsohon ƙamus ɗina wanda ya daɗe da rabuwa da bangonsa.

Kalmar dai ita ce "keeping". A jumlar farko an ce wata mata za ta yi tafiya sai ta bar sarƙarta ta zinare "in his keeping", wato a hannun wani mutum. A ta biyu kuma an ce tufafin da wani saurayi ya sa ba su zo "in keeping with" taron da ya je ba. Ma'anar farko ba ta ba ni wahala ba, ajiya ce, ko riƙo, ko kula da abin da ba naka ba har mai shi ya dawo. Masana asalin kalmomin Turanci sun ce tun wajen shekarar 1300 ake amfani da ita a haka. Ma'ana ta biyu kuwa ita ce dacewa, ko jituwa, wato abu ya zauna daidai da abin da ke kewaye da shi ba tare da ya zama bambarakwai ba. Wannan ƙanwa ce a wurin ta farko, kuma daga bakin masu zanen hoto ta fito. A ƙarni na 18, idan mai zane ya iya ajiye kowane abu a muhallinsa, dutsen da ke nesa ya fito ƙarami a dushe, bishiyar da ke kusa ta fito da girmanta, sai su ce zanen yana da "keeping". Daga nan ne, wajen farkon shekarun 1800, maganar ta fita daga ɗakin masu zane ta shiga bakin kowa.

Na yi wa yarinya bayani, ta rubuta ta tafi ta kwanta. Ni kuwa barci ya ƙaurace mini, ina ta tambayar kaina, me ya haɗa ajiya da jituwa har Bature ya zuba su a ƙwarya ɗaya? Sai can na tuna ashe mu ma muna da irin wannan kalmar, har ma tamu ta fi tasu nauyi. Ita ce amana.

Mu marubutan littattafan Hausa mun ci abinci da wannan kalma ba kaɗan ba. Da a ce za a cire cin amana daga cikin labaranmu, ina jin da rabin shagunan littattafai sun rufe tun tuni: aminiya ta aure mijin aminiyarta, baffa ya cinye gadon marayu, yaron shago ya gudu da jarin maigidansa. Amma duk wannan ɓangare ɗaya muka riƙe, ɓangaren ajiya. Bahaushe yana da kalmomi da yawa a nan. Kaya ajiya ake ba da su, yaro kuwa riƙo, shi ya sa ake cewa ɗan riƙo, kujerar mulki idan mai ita ba ya nan riƙon ƙwarya ake yi mata, gona idan an karɓi bashi a kanta jingina ce. Amana ta lulluɓe su duka. Sai dai a bakin mutanen da tana da wata ma'anar da muka kusa mantawa da ita. Idan gari biyu suka ajiye makamai suka yi alkawarin ba za su ƙara kai wa juna hari ba, mai ƙarfi ya ɗauki nauyin barin mai rauni ya zauna lafiya, mai rauni kuma ya riƙa kai gaisuwa duk shekara, wannan ma amana sunanta. Daga Larabci muka aro ta, kuma tushenta ɗaya da aminci da amini da amincewa. Ka ga ke nan, ajiya da zaman lafiya a cikin kalma guda, kamar dai ta Baturen.

A ganina babu ƙasar da tarihinta ya nuna yadda waɗannan ma'anoni biyu suke cuɗe da juna kamar ƙasar Yauri. Ga wanda bai san wurin ba, tana kudancin Jihar Kebbi ta yanzu, a bakin kogin Kwara, ta ƙunshi ƙananan hukumomin Yauri da Ngaski da Shanga. Ƙasa ce ta ƙabilu barkatai: Gungawa waɗanda a da suke cikin tsibirai, Kambari da Dukawa a tudu, ga Shangawa da Lopawa, ga Sarkawa masu kamun kifi, sannan ga Hausawa waɗanda sarauta ke hannunsu. A da, ta nan fataken Kano da Katsina suke bi su haye Kwara su nufi Gwanja sayen goro, ta nan kuma jiragen Nufawa suke hauhawa da kaya. Ƙasar da arzikinta ya rataya a kan masu wucewa dole ta san darajar amana, domin kuwa falke ba ya sake bin hanyar da aka cinye masa ajiya.

A watan Nuwamba na 1805 wani Bature ɗan Sikotilan mai suna Mungo Park ya taso daga Sansandin, a ƙasar Mali ta yanzu, cikin wani jirgi da ya harhaɗa daga tsofaffin kwale-kwale biyu. Gwamnatin Ingila ce ta turo shi ya bi Kwara har ya ga inda ta ƙare, domin a lokacin Turawa sun kasa ganewa, teku take faɗawa ko kuwa wani tafki ne ko rairayi ke shanye ta. Ya baro Gambiya da Turawa sama da 40, amma zazzaɓi da atini suka bi su ɗaya bayan ɗaya a hanya, har ya zamana su 5 ne kawai suka shiga jirgin: shi kansa, da wani hafsa mai suna Martyn, da sojoji 3. Sai bayi 3, sai kuma ɗan jagora kuma tafinta mai suna Amadi Fatuma. Suka gangaro suka wuce mashigar Tambutu, suka wuce Gao, tafiyar sama da kilomita 1,500, har suka iso Yauri a farkon 1806.

A nan ne yarjejeniyar Park da Amadi ta ƙare, domin da ma sun shirya a kan zai raka shi ne zuwa ƙasar Hausa ya juya. Daga bakin wannan Amadi muka samu labarin abin da ya faru. Ya ce sun tsaya a bakin ruwa, Park ya aika wa mai garin wurin da kyauta, shi ma ya mayar da alheri, ya aiko musu da sa da tunkiya da zuma da shinkafa. Daga nan sai Park ya fito da wasu kaya daban, zobban azurfa 5 da albarushi da ƙanƙarar bindiga, ya aiki Amadi ya damƙa wa mai garin ya ce wannan gaisuwar Sarkin Yauri ce, a kai masa, a ce Turawa suna yi masa sallama za su wuce.

Sai mai garin ya yi wata tambaya wadda in ka ji ta za ka ɗauka ta hira ce kawai. Ya ce, shin Turawan nan za su sake dawowa ta nan? Aka faɗa wa Park, ya amsa da gaskiyarsa, ya ce ba za su dawo ba. Shi ke nan fa. Mai gari ya ga ajiya a hannunsa, mai ita ya tafi ba zai dawo ya tambaya ba, wanda aka aiko wa kuma bai san da ita ba. Sai ya danne.

Washegari Amadi ya tafi fada don ya gaida Sarki. Yana can sai ga mahaya biyu daga wurin mai gari, suka faɗi suka yi gaisuwa, suka ce an aiko su ne su sanar da Sarki cewa Turawa sun wuce da dukiya jingim ba su ba Sarki komai ba, ba su ba mai gari komai ba, kuma wannan Amadin da ke zaune shi ma bakinsu ɗaya. Nan take Sarki ya sa aka sa wa Amadi mari aka ƙwace abin da ke hannunsa. Aka tashi dakaru aka tura su Busa, inda duwatsu suka matse kogin ya zama sai ta ƙofa ɗaya jirgi zai iya wucewa. Da jirgin Park ya iso aka rufe shi da kibau da masu da duwatsu. Suka yi ta kare kansu har ƙarfinsu ya ƙare, sannan Park da Martyn da sauran Turawan da suka rage suka faɗa ruwa, ba a sake ganinsu ba. Bawa ɗaya ne ya tsira. Amadi kuwa wata 3 ya yi a ɗaure kafin Sarki ya sake shi, kuma daga wurin wannan bawan ya ji yadda aka ƙare.

Da a cikin littafina na rubuta wannan, da masu karatu sun ce na cika zuƙi ta malle, wai zobe 5 su jawo a kashe mutane. Amma mai karatu, ka duba da idon mutanen wancan zamanin. Ba kuɗin zobban ne abin dubawa ba, Sarkin Yauri ya fi ƙarfin azurfa 5. Gaisuwar da baƙo yake kai wa sarki saƙo ce, ma'anarta ga ni na shigo ƙasarka, na sa kaina a hannunka. Idan sarki ya karɓa, to baƙon ya shiga amanarsa, jininsa da dukiyarsa sun hau wuyan sarkin har ya fita daga ƙasar. Wanda kuwa ya ratsa ƙasa da bindigogi bai yi gaisuwa ba, ba baƙo ba ne, ko mai raini ne ko ɗan leƙen asiri. Saboda haka abin da mai garin nan ya danne ba azurfa ba ce kawai, zaman lafiyar da ke tsakanin baƙo da mai masauki ya danne. Ajiyar ba ta isa ba, jituwar ma ba ta ƙullu ba. Ni a nan ne na ga amsar tambayar da ta hana ni barci.

Sai dai kada in ci amanar mai karatu ni ma, dole in faɗi cewa masana tarihi da yawa ba su haɗiye labarin Amadi gaba ɗaya ba. Mutum ne da ya rabu da maigidansa kwana kaɗan kafin a kashe shi, yana da dalilin da zai so ya wanke kansa, kuma bai ga mutuwar da idonsa ba. Bugu da ƙari Busa ba ƙasar Yauri ba ce, ta Bargu ce, da sarkinta mai cin gashin kansa. Abin da aka riƙa faɗa wa Turawan da suka biyo baya shi ne, mutanen Busa sun ga baƙin jirgi da fararen mutane sun zaci 'yan gaban rundunar Fulani ne, domin a lokacin wutar jihadi tana ci. Shi kansa Park ɗin ba kanwar lasa ba ne. Tun daga can sama ya ɗauki al'adar ƙin tsayawa ya biya kuɗin wucewa, duk jirgin da ya matso kusa sai a buɗe masa wuta, kuma irin wannan labari ya fi jirgi gudu. Kuma ko a labarin Amadi, me ya hana shi taka ƙafa ya je fada da kansa? Ya ba kura ajiyar nama, sannan ya gaya mata ba zai dawo ba.

Akwai ɗan ƙarashen da nake so a labarin. A 1810 Turawan Senigal suka tura wani tsohon ɗan jagoran Park mai suna Isaaco ya binciko abin da ya faru, shi ne ya gano Amadi ya ɗauki bayaninsa. Amadi ya gaya masa ba abin da ya saura a jirgin sai ɗamarar takobin Park, kuma Sarkin Yauri ya mayar da ita majanyin sirdin dokinsa. Isaaco ya ɗauki wani Bafulatani ya tura shi Yauri ya samo ta ko ta halin ƙaƙa. Bayan watanni ya dawo da ita, ya ce wata kuyangar Sarki ya saya da kuɗi ta sato masa. Wato shaidar cin amanar farko ma da wani cin amanar aka fitar da ita daga fada.

A daidai waɗannan shekaru ne kuma Yauri ta ƙulla amanar da ta fi kowace girma a tarihinta. Jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya fara a 1804, a 1805 aka ci Birnin Kebbi, a 1808 Alƙalawa ta faɗi, sarakunan Haɓe na Kano da Katsina da Zazzau duk suka rasa gadajensu aka ba masu tuta. Sarkin Yauri Muhammadu Albishir ɗan A'i ya duba gabas ya duba yamma, ya ga ba sarki sai Allah, ya zaɓi ya yi mubaya'a. Ba a kawo masa mai tuta ya zauna a kansa ba, sarauta ta ci gaba a gidansu, shi kuma ya riƙa kai gaisuwa Gwandu, wadda ta zama hedikwatar yammacin daula a hannun Abdullahi ɗan Fodiyo. Irin wannan zama shi ake kira amana. Marigayi Farfesa Mahdi Adamu, ɗan Ngaski, wanda ya taɓa shugabantar Jami'ar Sakkwato, a kan Yauri ta ƙarni na 19 ya yi binciken digirinsa na biyu a Zariya a 1968, kuma tun daga sunan aikin ya nuna cewa labarin gwamnati ce da ke gangarowa ƙasa.

Wasu za su ce ɗan A'i tsoro ya ji. Ni ban ga haka ba. Sarkin da ya ga abin da ya sami Gobir da Kebbi, sannan ya san yawancin talakawansa a tsibirai da dazuzzuka suke da al'adunsu na gargajiya, idan ya sayi zaman lafiya da gaisuwar shekara ai ciniki ya yi mai riba. Sai dai irin wannan amana ba ta tsakanin tsara ba ce. Mai ƙarfi ne ke riƙe da ita, ranar da ya ga dama ko ranar da ƙarfinsa ya ragu, mai rauni ba shi da alƙalin da zai kai ƙara. Za mu zo kan wannan.

Kafin nan bari mu koma kan kayan Park, domin ba su bar Yauri ta huta ba. Abin da Turawa suka fi so shi ne littafin da yake rubuta abin da ya gani a kogin tun daga Sansandin. A 1826 Hugh Clapperton ya biyo ta Busa a hanyarsa ta zuwa Sakkwato, sai saƙo ya zo masa cewa Sarkin Yauri yana riƙe da littattafan Park, kuma zai ba shi in ya zo da kansa. Bai samu zuwa ba, ya wuce Kano, ya mutu a Sakkwato a 1827. A wannan shekarar ce ma ɗan Park mai suna Thomas ya taho neman ubansa, zazzaɓi ya kashe shi tun bai yi nisa daga gaɓar Gana ta yanzu ba. Allah Sarki.

A 1830 sai ga Richard Lander, tsohon yaron Clapperton, da ƙanensa John, sun zo takanas. Tare da su akwai wani dattijo Bagobiri mai suna Abubakar, wanda Turawa ke kira Pasko, shi ne tafintansu. A Busa aka nuna musu wani littafi da aka tsinta a ruwa bayan mutuwar Park, suka buɗe da rawar jiki, ashe na lissafin matuƙa jirgin ruwa ne, ba wanda suke nema ba. Suka hau jirgi suka haura zuwa Yauri a ƙarshen watan Yuni. Birnin ya ba su mamaki, sun rubuta cewa ganuwarsa doguwa ce mai kyau, da ƙofofi 8, kuma sun ƙiyasta kewayenta mil 20 zuwa 30. Sun ga wata bindiga mai baki biyu da aka ce ta Park ce, suka ba da tasu aka ba su ita. Amma da suka tambayi littattafan, Sarki ya ce sam babu wani littafi a hannunsa.

Daga nan sai masu neman ajiya su ma suka zama ajiya. Sarki ya riƙe su kusan mako 5, kullum da dalilin da zai hana su tafiya. Wanda ya fi ba ni dariya shi ne na jimina. Wai ya sa an fige gashin wata jimina tasa don a kai wa Sarkin Ingila tsaraba, sai ya ga gashin ya yi kaɗan, bai dace da babban sarki ba, saboda haka sai baƙi su dakata har wani gashin ya tsiro. Don ya yi saurin tsirowa aka riƙa shafa wa jiminar man shanu, kuma kuɗin man aka cire daga bashin da Turawan ke bin Sarki na kayan da ya saya a wurinsu. Tirƙashi! Ragowar bashin ma da baiwa aka biya su, ita ce ta zama matar Pasko. Su 'yan Lander sun fassara wannan duka da kwaɗayi, suna ganin so yake ya tatse su tas. Ba zan ce ƙarya suka yi ba. Amma ina ganin akwai wani abin da ba su lura da shi ba. Ƙasar Nufe a lokacin tana cikin yaƙi, kuma fadar da aka shekara 24 ana jifanta da zargin jinin Bature ba za ta yi gaggawar sakin wasu Turawa biyu su bi wannan kogin dai ba. Wannan hasashena ne na marubuci. A farkon Agusta aka sallame su, suka koma Busa suka gangara, kuma a watan Nuwamba suka fita teku, suka warware tambayar da ta ci ran Park. Littafin nasa kuwa har yau ba a gan shi ba.

Yanzu ga abin da na ce za mu zo kansa. Wajen 1844 rikicin sarauta ya ɓarke a gidan Yauri, aka kori Sarki Jibrilu Gajere, 'yan uwa suka shiga yaƙar juna shekara da shekaru, har ta kai sarauta ta bar Birnin Yauri ta fake a tsibirin Ikum. Gwandu da ke riƙe da amanar ita ma ta kanta take yi, domin daga 1849 Kabawa sun tayar mata a ƙarƙashin Yaƙubu Nabame. Sai ga Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, ya kafa Kwantagora a gabas, rigimar 'yan gida ta buɗe masa ƙofa, shi da ɗansa Ibrahim suka yi ta cin ƙasar gabashin Yauri suna kwasar Kambari bayi. Ka duba fa, jikan Shehu ne, daga cikin gidan da aka ƙulla amana da shi. Gaisuwar da aka shekara da shekaru ana kaiwa ba ta tare wa talakan Yauri kibiya ko ɗaya ba. Sai a 1888 Abdullahi Abarshi ya tattara abin da ya saura ya kafa fada a Yelwa, inda take har yau.

Turawan mulki da suka zo su ma da wannan kalmar suka zo a bakinsu, wai riƙon ƙasa suke yi mana har mu yi hankali. A 1915 suka yi wani aiki da ya haɗa ma'anonin nan biyu wuri guda ya ɓata su. Suka tuɓe Sarkin Yauri Jibrilu ɗan Abarshi suka naɗa Aliyu, Bafulatani wanda ba ɗan gidan sarautar ba. Suka tuɓe Sarkin Busa Kitoro Gani, suka ɗauki Busa ɗungurungum suka ba Yauri riƙo, suka ɗora wani mai suna Turaki, wanda asalinsa bawa ne, a matsayin hakimi. A takarda abin ya yi kyau, za a rage kashe kuɗi a sauƙaƙa karɓar haraji. A ƙasa kuwa ajiya ce aka bai wa wanda mai kaya bai yarda da shi ba. Busa da ke ganin kanta uwar Bargu, ta koma ƙarƙashin maƙwabciyarta? A watan Yuni na wannan shekarar wani ɗan sarki mai suna Sabuki ya jagoranci tawaye, aka karkashe mutanen sabuwar hukumar. Turawa suka turo soja, amma daga baya dole suka warware abin da suka ƙulla. A 1923 aka cire Aliyu sarauta ta koma gidan Abarshi a hannun Abdullahi ɗan Jibrilu, a 1924 kuma Kitoro Gani ya koma gadonsa.

Duwatsun da Park ya mutu a cikinsu yanzu ba mai ganinsu. A 1968 aka gama madatsar Kainji, ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon sama da kilomita 130, ya haɗiye tsohuwar Busa da tsibirin Foge da tsibiran Gungawa da gonakinsu na albasa. Mutane wajen 44,000 aka tayar aka kai sababbin matsugunai, bisa alkawarin cewa sun ba da ƙasarsu ne don Nijeriya ta samu wutar lantarki. Duk wanda ya kwana a ƙauyukan bakin tafkin nan ya san wa ya fi shan duhu.

Shi kuwa Birnin Yauri, wanda ganuwarsa ta ba 'yan Lander mamaki, duniya ta sake jin sunansa ranar 17 ga Yuni 2021, lokacin da 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya da ke garin da rana tsaka suka kwashi ɗalibai da malamai. Yara ne da iyayensu suka ɗauko daga garuruwa daban-daban suka damƙa a makarantar kwana, yawancinsu sa'o'in wannan 'yar tawa mai aikin gida. An sako wasu rukuni-rukuni, amma 'yan mata 11 suka ci gaba da zama a daji, iyayensu suna ta bin ofisoshi suna neman taimako, har suka koma neman gudummawar jama'a. Sai a 2023, bayan kusan shekara 2, na ƙarshensu suka dawo gida.